Wayar Hannu a Matsayin Makullin Motar Lantarki: Darasi Daga Hanyar Kakangi

Gabatarwa

Tun da ɗan Adam ya fara tara dukiya yake neman hanyar tsare ta. Manomi yakan liƙe bakin rumbu, ɗan kasuwa yakan sa kwaɗo a ƙofar shago, sarakunanmu na da kuwa sun kewaye birane da ganuwa, suka naɗa sarakunan ƙofa. Manufar dabarun nan duka ɗaya ce, wato a bar mai abu ya shiga, a hana wanda ba nasa ba. Makullin mota ma aikinsa ke nan. Abin da ya sake a 'yan shekarun nan shi ne siffarsa, domin yanzu akwai motoci, musamman masu amfani da lantarki, waɗanda wayar hannu ce makullinsu. Mai motar zai nufo ta da wayarsa a aljihu, ƙofa ta buɗe, ya zauna ya taka birki ya sa giya, ya kama hanya ba tare da ya murɗa komai ba.

A manyan biranen Turai da Amurka da Sin wannan ya zama ruwan dare. Amma mu ɗauko motar mu kawo ta gida, mu ɗora ta a kan hanyar Kakangi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta noma da daji, inda gandun Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999. Matafiyi a wannan yanki yakan yi tafiya mai nisa wayarsa ba ta ga sabis ba, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Shin irin wannan makulli zai yi aiki a nan? Amsar tana rataye ga abubuwa uku: hanyar da waya take bi ta yi magana da mota, da batir, da kuma tsaro. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarfe zuwa lamba

Iyayenmu da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, sun san makulli ɗan guntun ƙarfe ne mai haƙora. A cikin ramin da ake zura shi akwai wasu 'yan ƙusoshi masu tsawo daban-daban. Idan haƙoran sun dace, sai ƙusoshin su jeru daidai, ramin ya yarda ya juya. Sirrin yana cikin siffar ƙarfen, shi ya sa mai yanka makulli a kasuwa yake iya kwafarsa cikin 'yan mintoci. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya yaɗa tayar da inji ta hanyar murɗa makulli a 1949.

A 1982 motar Renault Fuego ta Faransa ta zo da ɗan rimot mai buɗe ƙofa daga nesa. A cikin shekarun 1990 aka fara dasa wata 'yar ƙwayar lantarki a kan makulli, wadda idan kwamfutar mota ba ta gane ta ba inji ba zai tashi ba, ko da haƙoran sun dace. Jamus da Ingila sun wajabta wannan ga sababbin motoci a 1998. Daga nan sirrin ya tashi daga siffar ƙarfe ya koma lamba. Da yake lamba ce, ana iya ajiye ta a cikin kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma babu na'urar da ta fi waya kusa da jikin mutum. A 2017 kamfanin Tesla ya fito da motarsa Model 3 ba tare da makullin ƙarfe ko rimot ba, sai waya da wani kati mai girman katin banki. A 2020 kamfanin Apple ya sa makullin mota a cikin wayar iPhone, ya fara da motar BMW.

Akwai dalilin da ya sa motar lantarki ta fi saurin karɓar wannan tsari. Ba ta da injin fetur da za a murɗa makulli ya juya shi. Abin da take da shi babban batir ne, mai ƙarfin da yakan kai bolt 400 ko fiye, da injin lantarki, da kwamfuta a tsakaninsu. Tayar da ita bai wuce kwamfutar ta ba da izini a haɗa babban batirin da injin ba. Saboda haka dabarun da muka saba da su ba su da tasiri a kanta. Tsohuwar 504 idan ta ƙi tashi sai a tara matasa su tura, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, ko a kira mai gyaran wutar mota, wato riwaya, ya haɗa wayoyi. Motar lantarki ko garin Kakangi duka ya fito ya tura ta, ba za ta tashi ba sai kwamfutarta ta gamsu.

Hanyoyi huɗu da waya take magana da mota

Mafi yawan ruɗanin da ake samu a kan wannan batu ya faru ne daga zaton cewa hanya ɗaya ce. A gaskiya huɗu ne, kuma kowace da halinta.

Ta farko ita ce hanyar intanet. Mai mota yana danna "buɗe" a cikin manhajar wayarsa, saƙon ya tafi turken sadarwa mafi kusa, wanda mutane suke kira ƙarfen sabis, daga nan ya ratsa ƙasashe zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera motar, sa'an nan ya dawo ta wani turken ya iske motar, wadda ita ma tana da nata layin a jikinta. Ko da mutum yana jingine da motar, saƙonsa sai ya yi wannan doguwar tafiya. Amfaninta shi ne mutum yana Kaduna zai iya buɗe wa ƙanensa mota a Zariya. Aibinta shi ne sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa, idan ɗaya ta tsinke shi ke nan.

Ta biyu ita ce Bluetooth, wadda ɗalibai suka sani wajen tura waƙa ko hoto daga waya zuwa waya. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, sunan kuma laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10. Tana amfani da igiyar rediyo mai kaɗawa kimanin sau biliyan 2.4 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma takan kai mita goma ko fiye. A nan waya da mota suna magana ne kai tsaye, baki da baki, ba su bukatar turke ko layi ko data. Da wannan hanyar ce Model 3 take buɗewa idan mai ita ya matso.

Ta uku ita ce NFC, wato sadarwar kusa da kusa, wadda ba ta wuce santimita 4 ko makamancin haka ba. Dole sai an kanga waya ko kati a jikin wani wuri na musamman, kamar mariƙin ƙofa ko ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi. Igiyarta tana kaɗawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa. Abin sha'awa game da katin shi ne ba shi da batir ko kaɗan. A cikinsa akwai siririn zaren jan ƙarfe da aka naɗa zagaye. Motar tana fitar da ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa, shi kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin zaren, wadda ta isa ta farkar da ƙwayar katin ta ba da amsa. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday na Ingila ya gano a 1831, wadda ake karantawa a darasin fiziks, kuma ita ce dai take aiki a cikin taransifoma da janareta.

Ta huɗu, wadda ta fi su sabunta, ita ce UWB. Aikinta shi ne auna nisan da ke tsakanin waya da mota daidai wa daida. Za mu dawo kanta idan mun zo maganar ɓarayi.

Abin da mai karatu zai riƙe shi ne: ɗaya ce kaɗai daga cikin huɗun nan take bukatar sabis a duk lokacin da za a yi amfani da ita. Sauran ukun sukan bukaci intanet ne a ranar da aka fara gabatar da wayar ga motar, ko ranar da za a ba wani mutum makulli.

Yadda mota take gane mai ita

Da a ce waya tana faɗin kalmar sirri guda ɗaya kullum, da ɓarawo ya laɓe da na'urarsa ya naɗi kalmar, gobe ya maimaita ta. Don haka aka ɓullo da tsarin tambaya da amsa. Duk lokacin da waya ta matso, motar takan jefo wata sabuwar lamba, wayar ta sarrafa ta da lambar sirrin da ke ajiye a cikinta, ta mayar da sakamakon.

Alal misali, a ce lambar sirri 7 ce, ƙa'idar kuma ita ce a ninka lambar da mota ta aiko sau 7, a raba da 11, a faɗi abin da ya rage. Mota ta ce 25. Sau 7 ya zama 175, a raba da 11 a sami 15, saura 10. Waya ta amsa da 10, ƙofa ta buɗe. Gobe mota ta ce 40. Sau 7 ya zama 280, a raba da 11 a sami 25, saura 5. Ɓarawon da ya ji "10" jiya, idan ya maimaita yau bai yi daidai ba. Ɗalibi mai kaifin basira zai iya gano 7 ɗin nan ta hanyar gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya, amma lambobin da ake amfani da su a zahiri sukan kai alƙaluma sama da 70, kuma lissafin ya fi wannan sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.

Har ila yau, tsarin zamani bai bar lambar sirrin a hannu biyu ba. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka bayyana dabarar makulli biyu masu alaƙa da juna, ɗaya na ɓoye ɗaya na fili. Ana iya kwatanta shi da hatimin sarki: kowa yana iya duba takarda ya tabbatar hatimin na gaskiya ne, amma sarki kaɗai ke riƙe da abin bugawa. Waya ce ke riƙe da hatimin, mota kuwa samfurin kawai ta sani. Duk wannan lissafi a cikin waya da mota ake yin sa, ba ya bukatar kowa daga waje.

Idan babu sabis

Mutanen Birnin Gwari ba sai an ba su labarin rashin sabis ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, amma turakun sun fi yawa a birane da manyan hanyoyi. Bayan haka, a watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara, a ƙarshen watan kuma Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe su a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari. Sai a ƙarshen watan Nuwamba aka ba da sanarwar maido da su. Kusan wata biyu ke nan wayoyin mutane suna hannunsu amma ba kira ba saƙo.

Da a ce akwai motar lantarki a Kakangi a wancan lokaci, me zai faru da ita? Idan makullin na Bluetooth ne ko na NFC, kuma an riga an haɗa shi da motar, to za ta ci gaba da buɗewa tana tashi kamar kullum. Idan kuwa mai ita ya dogara ne ga maɓallin manhaja mai bi ta intanet, motar za ta zauna a ƙofar gida har ranar da aka maido da sabis. Haka kuma ko mai Bluetooth ɗin, idan wayarsa ta lalace a cikin watannin nan ya sayi wata, ba zai iya shiga asusunsa ya ɗora sabon makulli ba sai ya je inda ake samun intanet.

Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasar da aka ƙera motar. A watan Janairu na 2017 wani mutum a birnin Las Vegas na Amurka ya tayar da motarsa ƙirar Tesla da manhaja, ya bar rimot ɗinta a gida, ya nufi wani yankin duwatsu da ake kira Red Rock Canyon tare da matarsa. Da ya tsaya a hanya ya fito, motar ta nemi sabon izini kafin ta sake tashi, wurin kuwa babu sabis. Sai da matar ta yi tafiyar ƙasa mai nisa ta sami sabis, ta kira wani ya kawo musu rimot daga gida. Motar lafiyarta ƙalau, batirinta da caji, wayar ma da caji. Gaɓa ɗaya ce ta tsinke.

Wani lokaci kuma sabis ɗin yana nan, matsalar tana can wajen kamfani. Ranar 19 ga Nuwamba 2021, daidai lokacin da Birnin Gwari take cikin rufewar layuka, manyan kwamfutocin Tesla suka sami tangarɗa, masu motoci a ƙasashe da dama suka kasa amfani da manhajar na wasu sa'o'i. Waɗanda ke da kati ko rimot ko makullin Bluetooth ba su makale ba. A 2022 ma, da kamfanonin sadarwa na Amurka suka kashe tsohon tsarin 3G, motoci masu yawa da aka ƙera don wannan tsari sun rasa hidimomin da suke samu daga nesa. Makullin ƙarfe na 504 bai damu da ko masana'antar da ta ƙera shi tana raye ba, amma makullin da ke bi ta intanet rayuwarsa tana hannun wasu.

Idan batir ya mutu

Wannan ita ce matsalar da ta fi kusa da mu. Waya da ta mutu ba ta iya yin Bluetooth. Masu ƙera wayoyi sun yi wata dabara a kan hanyar NFC, wadda wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai: iPhone takan keɓe ɗan ragowar caji wanda zai bar makullin mota ya yi aiki har zuwa sa'o'i biyar bayan wayar ta ɗauke saboda ƙarewar batir. Sa'o'i biyar sun isa ga mutumin da zai koma gida ya tarar da wuta. A watan Oktoba na 2024 kuwa, bayan da aka lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro ta Jihar Neja zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya rage shi ma ya sami matsala, jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan hali, wurin masu cajin waya da janareta ko farantin hasken rana shi ne mafita.

Zafi ma abokin gaba ne. Batirin waya na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma aka ba masana uku lambar Nobel saboda shi a 2019. Zafi yana saurin tsofar da shi. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan doshi digiri 40 a sassan Arewa, cikin rufaffiyar mota da aka ajiye a rana kuma yakan wuce 60. Wayar da ta yi zafi da yawa takan dakatar da aiki don ta kare kanta, har sai ta huce.

Akwai kuma batir na uku da mutane da yawa ba su san da shi ba. Bayan babban batirin da ke tura motar lantarki, tana da wani ƙarami, galibi mai bolt 12 kamar na kowace mota. Shi ne yake ciyar da kwamfuta da makullan ƙofa da na'urorin da ke sauraron waya. Idan ya mutu, motar ta zama kurma: ba ta jin waya, ba ta jin kati, ko da babban batirin a cike yake, domin ƙaramin ne yake jan makunnin da ke haɗa babban. Mafi yawan motocin da ke zuwa da rimot suna da siririn makullin ƙarfe a ɓoye a cikin rimot ɗin saboda irin wannan rana. Model 3 da ba ta da ramin makulli, an ɓoye mata wayoyi biyu a bayan wani ɗan murfi a bambar gaba. Idan aka jona musu batir daga waje sai murfin gaba ya buɗe, a kai ga ƙaramin batirin.

Ɓarayin zamani

Bahaushe ya ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da ɓarayi suka ga ba za su iya warware lissafin ba, sai suka bi ta bayansa. Mota takan ƙiyasta kusancin waya ne daga ƙarfin igiyar da take ji, kamar yadda mutum yake gane kusancin mai magana daga ƙarfin muryarsa. To, a ce mai mota yana barci a ɗaki, wayarsa a gefen gado, motar tana waje. Ɓarawo na farko ya tsaya jikin taga da na'urarsa, na biyu ya tsaya jikin mota da tasa. Tambayar mota ta bi ta na'urorin ta isa ga waya, wayar ta amsa da gaskiya, amsar ta dawo da ƙarfinta. Motar ta ɗauka mai ita ne ya iso. Ɓarayin ba su san lambar sirri ba, ba su kuma bukace ta ba, 'yan aike kawai suka zama. A watan Mayu na 2022 wani mai bincike na kamfanin NCC Group, Sultan Qasim Khan, ya nuna cewa ana iya yi wa makullin Bluetooth na Model 3 da Model Y wannan dabara.

A nan UWB ta shigo. Ita ba ta dogara ga ƙarfin murya ba, lokaci take aunawa. Igiyar rediyo tana gudu da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, wanda ake kira nanosakan. Idan waya tana nisan mita 3, zuwa da dawowa mita 6 ne, wato nanosakan 20. Idan tana ɗaki mai nisan mita 30, tafiyar za ta ci nanosakan 200, ban da jinkirin na'urorin ɓarayi. Ɓarawo yana iya ƙara wa murya ƙarfi, amma ba shi da ikon sa ta wuce saurin haske. Apple ya fara sa wannan fasaha a iPhone 11 a 2019, a 2021 kuma ƙungiyar kamfanonin motoci da wayoyi mai suna Car Connectivity Consortium ta shigar da ita cikin ƙa'idojin makullin waya.

Sai dai a garuruwanmu akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wato ƙwacen waya, wanda ya addabi Kano da Kaduna a shekarun nan. Wanda ya ƙwace wayar da ke ɗauke da makulli, ya sami mota a kyauta idan ya san inda take. Maganin wannan shi ne ƙarin mataki: Tesla ya fito da tsarin da sai an danna lambobi huɗu a allon motar kafin ta motsa tun 2018, wayoyi kuma ana iya saita su su nemi zanen yatsa ko fuska kafin su ba da makulli. Mai mota yana kuma iya soke makullin wayar da aka sace daga cikin motar ko daga wata na'ura, abin da ba ya yiwuwa da makullin ƙarfe sai an canza kwaɗon gaba ɗaya.

Ina muka kwana a Nijeriya?

Motar lantarki har yanzu baƙuwa ce a ƙauyukanmu, inda babur da tsofaffin motocin haya suke ɗaukar mutane da amfanin gona. Amma ta fara shigowa. A ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas. A 2021 Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, wato NADDC, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan motocin bas masu fetur zuwa masu lantarki. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, hankalin mutane ya ƙara karkata ga ababan hawa da ba su shan mai.

Duk wanda zai sayi irin wannan mota don hanyoyin karkara, ya kamata ya tambayi mai sayarwa ta wace hanya makullin yake aiki, ya kuma gwada da kansa: ya kashe data ya ga ko ƙofa za ta buɗe. Ya riƙa yawo da kati ko rimot a aljihun da ba na waya ba, kada ya bar shi a cikin motar, kada kuma ya soke shi a bayan rigar wayar, domin in aka sace ɗaya an sace biyu. Ya ajiye na biyu a gida wajen wanda ya amince da shi. Ya kuma koyi inda ƙaramin batirin yake da yadda ake kai gare shi tun kafin ranar bukata.

Gwaji a aji

Malamai za su iya nuna waɗannan ƙa'idoji da kayan da ke hannu. Na farko, a cire layi daga wayoyi biyu, a kunna Bluetooth, a tura hoto daga ɗaya zuwa ɗaya. Ɗalibai za su ga cewa saƙon ya isa ba tare da sabis ba. A riƙa ƙara nisa ana aunawa har a ga inda ya yanke, sa'an nan a maimaita da bango a tsakani.

Na biyu, a naɗe waya ruf da takardar alminiyam ninki uku, a kira ta. Sa'an nan a gwada da gwangwanin madara mai murfin ƙarfe, da kwalin takarda, a kwatanta sakamakon. Ƙarfen da ya kewaye abu yakan tare igiyar rediyo, kamar yadda Faraday ya nuna a 1836, kuma da wannan ne wasu masu motoci suke kare rimot ɗinsu daga ɓarayi da dare.

Na uku lissafi ne: idan mota ta aika saƙo ya dawo bayan nanosakan 80, ba tare da an lissafa lokacin da waya ta ɗauka tana shirya amsa ba, mita nawa ne tsakaninsu? Ya kamata motar ta buɗe?

Kammalawa

Mun ga cewa makullin waya yana iya aiki a Kakangi ko a tsakiyar dajin Kamuku, matuƙar ta Bluetooth ko NFC ko UWB yake magana, kuma batirin waya da ƙaramin batirin mota suna raye. Wanda ke bi ta intanet ne kaɗai rashin sabis yake kashewa. Mun kuma ga cewa ta fuskar kwafi ya fi makullin ƙarfe tsaro, amma ya fi shi yawan abubuwan da yake jingine da su. Injiniyoyi suna da ƙa'idar cewa duk na'urar da rayuwa ko dukiya ta rataya a kanta, a yi mata hanya ta biyu wadda ba ta dogara ga ta farko ba. Kati marar batir da siririn makullin ƙarfe su ne wannan hanya ta biyu. Ɗaliban da ke karanta wannan a makarantun Birnin Gwari, su ne makanikai da injiniyoyin da za a kai wa waɗannan motoci nan gaba, kuma abin da za su bukata shi ne darasin maganaɗisu da na igiyoyi da na lissafi da ke cikin littattafansu na yanzu.